Noti Ukun Masta Gafaru

Faɗanmu na farko da Abdulgafar a kan noti uku ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Injin niƙa-niƙata ya tsaya cak a bakin kasuwar Asawase, mata sun jera robobin tumatir da barkono tun daga ƙofa har bakin kwata, ga shi gobe suna a gida biyu. Aka ce ai mijin yayata makanike ne a Magazin, unguwar makanikai, don me zan kira bare? Ya zo, ya kwance injin, ya zube hanjinsa a kan buhu, ya mayar, ya murɗa hannu, inji ya tashi. Sai na ga yana cusa wani abu a aljihu.

"Buɗe hannunka, Gafaru."

Ya buɗe. Noti uku, baƙi ƙirin da mai.

"Waɗannan fa?"

"Ƙari ne."

"Ƙari? Tumatir ka saya aka ƙara maka?"

"Rakiya, ke ba ki san Bature ba. Tsoro gare shi. Inda noti huɗu ya isa, sai ya ɗaura bakwai."

Na ce masa lallai kam, wanda ya ƙera jirgin sama shi ne matsoraci, shi kuwa da bai taɓa ƙera ko cokalin shayi ba shi ne jarumi. Ni ƙanwar matarsa ce, bakina halal ne a kansa, don haka ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, ya ce in gaida gida, ya tafi da notinsa. Injin ya yi shekara tara yana aiki, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Sai dai rawa yake yi kamar mai masassara, kullum da yamma sai mun jawo shi daga bakin ƙofa mun mayar da shi inda yake da safe.

Yanzu da ƙasa ta rufe shi, mutane na cewa in bar maganar. Na bari mana. Ai labari kawai nake bayarwa.

A unguwar Aboabo aka haife shi. Ubansa falken goro ne, so yake ɗan ya gaje shi, amma yaron ko ƙamshin ganyen goro ba ya so. Abin da yake so shi ne ya ga cikin abu. Rediyon uban ya fara buɗewa, aka yi masa dukan da ya kwana uku ba ya zama. Da ya warke sai ya buɗe agogon bango. Yana shekara goma sha huɗu uban ya gaji, ya kama hannunsa har Suame, inda Magazin take, ya damƙa shi ga Masta Bawah, wani Dagomba mai yatsu tara, ya ce, "Ga shi nan. In ya buɗe ka, ba ruwana."

A wajen Bawah ya ɗauko hanyar aikin da ya mutu a kanta. Bawah ba ya taɓa mota sai ya tambayi mai ita, "Wa ya tuƙa ta ƙarshe?" A ganinsa mota ba ta lalacewa da kanta, mutum ne ke lalata ta ya zo yana rantsuwa. Kuma ba ya yarda da zato. In yana zargin batir, sai ya aro lafiyayye daga maƙwabci ya sa. In mota ta tashi, an kama ɓarawo, in ba ta tashi ba, a sake shi a nemi wani. Gafaru ya koyi wannan duka. Ragin noti kam ba Bawah ya koya masa ba, baiwa ce daga Allah.

Ya gama koyon aiki ya yi 'yanci, ya kafa rumfarsa, aka fara kiransa Masta. Ya auri yayata Hikima mai waake, wato shinkafa da wake, wadda layin masu sayen abincinta ke kaiwa har bakin masallaci. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare, kuma ban san ranar da ba ta yi masa faɗa ba a kan gwangwanin madarar da yake tara notinsa a ciki. In trotro, bas ɗin haya, ya wuce ƙofar gida yana kwaramniya, sai ta ɗaga ludayi ta ce, "A gaida shi, ɗan Gafaru ne." Shi kuwa sai ya yi dariya ya miƙa kwano a ƙara masa taliya.

Sai motoci suka sake hali. Aka fara sauke wasu daga tashar jirgin ruwa ta Tema waɗanda ba sa gaya wa kunne ciwonsu. Gafaru zai kafa sukundireba a jikin inji ya manna kunne, shiru. Wani saurayi mai tsukakken wando zai zo da laftof a hammata, ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, ya danna nan ya danna can, ya faɗi ciwon ko hannunsa bai yi baƙi ba. Direbobin da suka yi shekara ashirin suna cewa "Masta, Masta" suka koma gaishe shi daga nesa. Ga bayansa ya fara ƙin shiga ƙarƙashin mota.

Wani zai koma gida ya ɗauki carbi. Gafaru haushi ya ɗauka. Ya lura kwamfutocin samarin ba sa shekara a Magazin, mai da ƙura da garin ƙarfe suna kashe su. Ya ce to, tunda mota ta zama kwamfuta, kwamfuta ma mota ce. Yana shekara hamsin da takwas ya kafa tebur a barandar gidansa a Asawase, ya sayi tabarau da 'yan mitsi-mitsin sukundireba. Ta farko da aka kawo masa, fetur ya wanke mata kibod da shi kamar kafireto, baƙaƙen suka narke, haƙoran suka zama fari fat kamar na jariri. Ta biyu ba a maganarta. Amma daga ta uku ya fara kama kan abin. Kafin shekara biyar 'yan makaranta da malaman makarantun allo da masu shagon buga takardu duk sun san barandar. Yarinya za ta zo da laftof tana hawaye, sai tsoho ya sauke tabarau ya ce, "Wa ya tuƙa ta ƙarshe?" Ya kuma samo gwangwanin tumatir, ƙarami, saboda notin kwamfuta bai fi ƙwayar gero ba. Ashe masu ƙera kwamfuta ma matsorata ne.

Autarsu Fareeda nas ce a Tamale. Wata Sallah da ta zo hutu, ta zaunar da uwar a gaban tsohuwar laftof ɗinta, ta ɗauke ta kusan awa guda, hoto da murya: yadda kakanninmu suka taso daga Kano suka yi zango a Salaga, wa ya haifi wa, da yadda ake sa karan dafi a waake ya yi ja ba tare da ya yi ɗaci ba. Ta zuba a wayarta ma, aka zare mata wayar a tashar Kejetia tun kafin ta hau mota. Laftof ɗin ta bar wa uban, ta ce ta yi sabuwa. Wata bakwai bayan haka Hikima ta kwanta ciwo na kwana biyar, ta tafi. Muryarta a duniya ta rage a wuri ɗaya tak.

Gafaru bai gaya wa kowa yana kallon abin da aka ɗauka ba. Kullum bayan ya dawo daga asuba sai ya rufe ɗaki ya kunna. Kuma ya shiga yi wa kwamfutar hidimar da bai taɓa yi wa mai muryar ba. Ya naɗe ta a mayafin Hikima na zuwa biki. Ran Juma'a ya zuba garwashi a kaskonta, ya barbaɗa turarenta na wuta, ya buɗe kwamfutar ya riƙe a kan hayaƙin kamar yadda take yi wa zannuwanta, ya bi da fesa turaren ruwa. Caja kuwa ba ya cire ta dare da rana, wai kada a ɗauke wuta ta mutu. Mutumin da ke zagin 'yan makaranta don sun ci burodi kusa da kibod ke nan.

Sifika ce ta fara. Muryar ta koma ziza kamar an rufe ƙuda a kwalba. Sai haƙoran kibod suka fara liƙewa, a danna ɗaya ya ƙi tasowa, har shigar da kalmar sirri ya zama kokawa. Sai wata safiya 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta ta fara tafiya ba wanda ya taɓa faifan yatsa. Yana zaune yana kallo, ta je ta cafki hoton Hikima, ta fara jansa zuwa kwandon shara. Ya kifa murfin da ƙarfi. Ya naɗe ta, ya sa a akwatin ƙarfe, ya bar wayar caja tana leƙowa ta gefen murfi. Wata takwas bai sake buɗewa ba. Na mutane kuwa yana nan yana farke su a baranda kullum, yana cika gwangwani.

Ni duk ban sani ba sai da addu'ar cikar Hikima shekara ta matso. Fareeda ta bugo mini ta ce, "Mma Rakiya, ran Lahadi a kunna wa mata muryar Mma. Tana wajen Baba, ya ce ta ɗan samu matsala." Na ce wace murya? Ranar Alhamis da hantsi na yafa mayafi.

Na same shi a baranda yana cin gyaɗa a kan cikin wata kwamfuta.

"Masta, an ce kana da majinyaciya a ɗaka."

"Wa ya gaya miki?"

"Wadda ta fi ka hankali. Shekara guda kana jin muryar yayata kai kaɗai. Uwa ɗaya ta haife ku?"

"Ta lalace, Rakiya."

"Ayya. Ina ma akwai mai gyara a gidan."

Ya murza ɓawon gyaɗa. Ya ba ni labarin kibiyar. Na ce in aljani ne ai aljanin ya yi ƙoƙari, tunda ya koyi abin da ni ban iya ba. Bai yi dariya ba.

"Ba aljani ba ne koraa, ko kaɗan. Na san abin da ke damunta. Sai an buɗe cikinta."

"To buɗe."

Ya juya tafin hannunsa yana kallo kamar na wani ne. "Kin san hannun nan. In na buɗe na rufe, na ga guda ɗaya ya rage fa?"

"Ai ƙari ne. Bature tsoro gare shi."

"Wannan ba ta da ƙari."

Shekara talatin ina jiran bakin nan ya faɗi haka, amma da ya faɗa ban ji daɗin da na zata ba. Na tashi na gyara ɗaurin zane.

"Shi ke nan. Ba ni ita in kai Adum wajen samarin nan. An ce su ba sa wahalar da kansu, wanke kan kwamfuta suke yi tas, ta dawo sabuwa ba ta san kowa ba."

"Fomat?" Ya miƙe har gyaɗar ta zube. "Za ki kai Hikima a yi mata fomat?"

"Ni na san sunansa? Kai dai miƙo."

Ya shiga ɗaka ya fito rungume da ita. Ya share tebur, abin da ban taɓa gani ba. Da ya warware mayafin, ƙamshin yayata ya cika barandar, sai da na nemi kujera. Don kada in yi abin kunya, na sauke murya irin tasa na ce, "Wa ya tuƙa ta ƙarshe?"

"Ni."

"Me ka yi mata?"

Ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ƙasa. Na ce madalla, saura lalle da kwalli.

Ya ajiye ta a kan tebur ya danna gefe ɗaya, sai ta yi gwal-gwal kamar tukunyar da gindinta ya lotsa. Ya ɗaga murfi kaɗan ba tare da ya kunna ba, ya shafa faifan yatsan. Ya taso sama ya yi tozo. Ya ce batir ne a ƙarƙashinsa, ya ci wuta ya ci zafi a cikin mayafi har ya kumbura, shi ke tokare faifan daga ciki yana danna shi. Aljanin ke nan, kuma shi ya yi wata da watanni yana ciyar da shi.

Kafin ya taɓa noti ko ɗaya, ya ɗauko allon awarensa, wasa mai ramuka irin dara, wanda suke bugawa da tsofaffin unguwa bayan la'asar, ya zubar da 'ya'yan. Rami goma sha biyu. Duk notin da ya kwance sai ya sa shi a raminsa, na kusurwar dama a ramin dama, na tsakiya a tsakiya, yana faɗin wurinsa a bayyane kamar mai karanta wasiyya. Da ya ɗaga marfin ƙasan, ga batir ya yi suntum kamar ƙosai. Ya zare igiyarsa a hankali, ya ɗauke shi da hannu biyu, ya kai bayan gida ya tura cikin tukunyar yashi, ya ce irin wannan in ya huje wuta yake kamawa. Faifan yatsa ya koma ya kwanta lumui.

Ya soka caja kaɗai ya kunna. Kibiya ta tsaya inda aka bar ta kamar ba ita ba.

Sai ya koma hanyar Bawah. Ya jawo wani kibod na aro mai igiya daga ƙarƙashin tebur, ya haɗa, ya buga kalmar sirri. Ta buɗe. "Kanta lafiya lau," in ji shi, "haƙoran ne." Ya soka iyafis, ya sa a kunne, ya danna. Ban ji komai ba, amma na ga fuskarsa, na san muryar na nan da ranta. Ya cire da sauri ya goge tabarau.

"Ba ni in ji."

"Tsaya. Abu na farko tukuna."

Ya ɗauko 'yan filas guda biyu ya kwafi muryar ya zuba a ciki, ya ba ni ɗaya ya ce in ƙulle a bakin zane. Abin da ya kamata a yi tun bara ke nan, amma mai gyara yana can yana turare.

"Yanzu ba ni abin kunnen."

"Ki bari in gyara sifikar. Hikima ba ta taɓa yi wa mutum magana a kunne ba. Sai unguwa ta ji."

Wannan kam gaskiya ne. Na zauna.

Ya kashe ta, ya ciro kibod ɗin, ya ɗaga haƙoran da suka liƙe ɗaya-ɗaya. A ƙarƙashinsu wani danƙo ne ja-ja, hayaƙin turare da turaren ruwa da toka sun haɗu sun zama kamar maɗi. Da sifirit da tsohon buroshin haƙori ya wanke, ba da fetur ba, an yi hankali. Ya shanya a inuwa. Da ya kai ga sifika sai ya ce in matso. Fil biyu ne, irin waɗanda Hikima ke maƙale mayafi da su. Sun kwance daga mayafin, maganaɗisun sifikar ya ja tsininsu ta 'yan hujojin, suna kwance a kan 'yar takardar da ke kaɗawa. Ɗaya har ya huda ta. Ya zare su da hantsaki, ya ɗiga gam a bakin tsinke ya toshe hujin. Fil ɗin bai jefa su a gwangwani ba, a hularsa ya soka su.

Aka kira azahar, ya je ya dawo. Sannan ya fara mayarwa. Rami na farko, na biyu. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Da ya ɗaura na ƙarshe, ya duba allon. Wayam. Ya kifa shi ya bubbuga. Ya kakkaɓe riga, ya juye aljihu, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur da wannan bayan nasa. Babu ko ɗaya.

Ya kunna.

Ga Hikima a kan tabarma da ɗankwalinta a karkace, muryar tar kamar tana bayan ƙyaure. Na shirya jin Kano da Salaga. Abin da ya fito shi ne:

"Fareeda, abin ya fara ɗauka? To tsaya. Gafaru! Kai Gafaru! Zo ka kwashe tarkacen nan daga tabarmata, na zauna a kan noti!"

Daga can nesa a cikin kwamfutar wata murya ta ce, "Ƙari ne."

"Ƙarin gidanku! Wallahi ranar da za a binne ni ku ƙirga itacen kabarin, kada mutumin nan ya sa uku a aljihu."

Na yi dariya har ta juye ta zama wani abu, na rufe fuska da mayafi. Da na buɗe, tsohon yana zaune hannu bibbiyu a gwiwa, bakinsa na bin maganarta kalma-kalma. Ya haddace zagin kamar Fatiha.

Ran Lahadi aka kunna wa mata a tsakar gida bayan malamai sun tashi. Masu kuka suka yi, masu neman sirrin waake suka kasa kunne. Washegari na wuce Accra, jikata ta haihu, kuma a can nake da labarin rasuwar Gafaru ya iske ni, sati shida bayan nan: ya dawo daga asuba, ya zauna a kujerarsa, bai tashi ba. Don haka maganarmu ta ƙarshe a bakin ƙofarsa aka yi ta, ranar Lahadin, mata na naɗe tabarmi. Ya rako ni yana ta kumbura, jira yake in yaba masa.

"Kin gani ko? Ko ɗaya bai rage ba."

"Na gani," na ce. "Ashe ka iya. Duk shekarun nan raini ne kawai. To injin yana nan a bayan ɗakina. In na dawo ka zazzage gwangwanin nan, ka nemo mini ukuna ka zo ka mayar."